Gargaɗi kan mai shayin "narkar da tumbi" da ke zagaya kasuwanninmu

Assalamu alaikum jama'ar Taura, Ringim, Garki da duk ƙauyukan da ke cin kasuwar Gujungu. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye. Na rubuta wannan ne a kan wani mutum da ke zagaya kasuwanninmu tun bayan kaka, cikin mota mai lasifika, yana sayar da abin da ya kira shayin narkar da tumbi. Yana tafe da yara biyu, da wata mata da ke shiga gidajen da shi ba zai iya shiga ba. Kama sunansa ba zai amfane ku ba, domin sunan da yake faɗa a Gujungu ranar Lahadi daban yake da wanda yake faɗa a Maigatari ranar Alhamis. Yadda yake aikinsa zan bayyana, da shi za ku gane shi, ku kuma gane ire-irensa.

Da awo kyauta yake farawa. Ya ajiye sikeli a gindin mota, kowa ya hau a faɗa masa nauyinsa, ba ko sisi. Wadda ya ga tana da jiki, sai ya miƙa mata wani ɗan ƙarfe mai waya da aka jona da kwamfuta, ta riƙe na minti ɗaya, kwamfutar ta zubo rubutun Turanci da jajayen layuka. Daga nan sai ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, injin jikinki ya kwanta. Tunda kika haura talatin, ko ruwa kika sha kitse zai zama." Idan mai jego ce, a ce mata in ba ta yi da wuri ba cikin nan ya zauna kenan har abada. Matar da ke shiga gidaje kuwa ta fi shi sanin inda ke yi wa mata ciwo, ita da zancen kishiya take buɗe baki: "Ki gyara kanki tun kafin maigida ya fara leƙe-leƙe." Babu wani ƙarfe da za ki riƙe a tafin hannu ya auna miki ƙarfin ƙona abinci, ko lafiyar hanta, ko ƙoda. A asibitin gaske jini da fitsari ake ɗiba a kai ɗakin gwaji.

Sai ya ba ki ƙullin gwaji na mako ɗaya a kan naira 2,000: garin ganye da wasu ƙwayoyi a farar leda, babu suna a jikinsu. Ya rubuta nauyinki a kati, ya ce ki dawo kasuwa mai zuwa. Ki dawo, ki hau sikeli, ki ga kilo 2 ko 3 sun tafi. Sikelin bai yi ƙarya ba, kuma a nan tarkon yake. Da idonki kika gani, don haka idan ya ce cikakken zubi na wata uku naira 45,000 ne, ba za ki yi gardama ba. Na san wadda ta sayar da akuyarta, na san wadda ta karɓi kwasar adashe ta miƙa masa gaba ɗaya. Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne waɗanda aka ce su biya kuɗin rajista su zama wakilai, kowacce ta kawo mata biyar, a saka ta a wani zauren WhatsApp mai cike da hotunan matan wasu ƙasashe, wai ga su kafin shan shayi, ga su bayan sha. Ita da aka cuta, an mayar da ita mai cutar maƙwabtanta ba tare da ta sani ba.

To mene ne ya fita daga jiki a wannan makon? Wata baiwar Allah da aka kawo mana jiri na ɗibarta, leɓenta a bushe, ta ce da ni, "Malama, wallahi maganin yana aiki, kilo uku na sauke." Na ce, "Yaya, sau nawa kike zagayawa a yini?" Ta ce ta daina ƙirgawa, kuma da dare fitsari ba ya barin ta barci. An ce mata wai kitsen ne ke narkewa yana fita. Da ta kwance ƙullin, duk wanda ya tashi a ƙauye zai gane ganyen filasko a ciki. Filasko maganin wanke ciki ne da iyayenmu suka sani, ana sha sau ɗaya a huta. A babban hanji yake aikinsa, alhali abinci tun a ƙaramin hanji jiki ya gama tsotse amfaninsa. Ashe abin da zawon ke fitarwa ruwa ne da gishirin jiki da tarkacen da dama can hanyar fita yake. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif. Manoman fadamarmu sun san buhun shanshera jiƙaƙƙe ya fi busasshe nauyi, amma shanya ba ta rage ko ƙwayar shinkafa ɗaya. Da zarar kin sha ruwa kin ci abinci kwana biyu, nauyin ya dawo, shi kuma ya ce ai don kin tsayar da maganin ne.

Ku yi wannan lissafin da kanku. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kuma kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Mace baliga tana ƙona wajen kalori 2,000 a yini. Ko da ta yi mako guda cur ba ta sa komai a baki ba, abin da za ta ƙona bai wuce 14,000 ba, wato ko kilo 2 na kitse bai cika ba. Shi kuwa ta lasifika alƙawarin kilo 5 yake yi a kwana bakwai, kuma wai ki ci duk abin da ranki ke so. Sannan kitse ba ta bayan gida yake fita ba, ba kuma ta gumi ba. Idan jiki ya ƙona shi, iska yake zama da ruwa. Wani lissafi da aka buga a mujallar likitocin Birtaniya a 2014 ya nuna cewa a kowane kilo 10 na kitsen da mutum ya rage, kilo 8.4 ta numfashi yake fita, ragowar ya zama ruwa. Saboda haka ɗamarar roba da yake haɗawa da shayin, da naɗe ciki da leda a shiga rana, da ruwan zafi da lemon tsami da sassafe, babu wanda ke taɓa kitsen tumbi a cikinsu. Jiki ba ya zaɓar wuri ɗaya ya rage don an matse wurin.

Zancen "injin jiki ya kwanta" shi ya fi ɓata min rai, domin yana sa mace ta ɗauka ita ce ke da nakasa. Jikin mai rai ba ya daina ƙona abinci ko yana barci. Numfashi, bugun zuciya, aikin hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa su ke cinye wajen kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na abin da muke ƙonawa kullum, tun kafin mu ɗaga ko tsinke. A 2021 wani babban bincike da masanin kimiyya Herman Pontzer ya jagoranta, wanda ya haɗa mutane sama da 6,400 daga jarirai har tsofaffi, ya gano cewa ƙarfin ƙona abinci yana nan daram daga shekara 20 har zuwa 60, bayan nan ne yake fara raguwa a hankali. Kuma mai babban jiki ya fi siriri ƙona kalori a yini, don jikin da yake ɗauke da shi ya fi yawa. Abin da ya canza a ƙauyukanmu rayuwa ce. Iyayenmu mata sun yi surfe da daka da niƙa a dutse, sun ja guga a rijiya mai gaba goma. Yau akwai injin niƙa, akwai tuƙa-tuƙa a ƙofar gida, unguwa ma a babur ake zuwa, kuma alhamdu lillahi da wannan sauƙi. Sai dai cin bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi da lemon kwalba da taliya da shayi mai kauri.

Ƙwayoyin nan marasa suna sun fi ganyen tsoratar da ni. Fitsarin da ba ya tsayawa aikin magungunan fitar da ruwa ne irin su furosemide, waɗanda likita ke rubuta wa mai ciwon zuciya ko kumburi, yana bibiyar jininsa. Hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da dama sun sha kama kayan rage ƙiba da aka ce na ganye ne zalla, a auna a tarar an ɓoye irin waɗannan a ciki, ko kuma sibutramine, maganin da Turai da Amurka suka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Zawo da fitsari idan suka haɗu suna kwashe gishirin jiki mai suna fotasiyam daga jini, sai kasala, sai ɗaurewar jijiya, sai zuciya ta rikice da bugu. Ku haɗa wannan da zafin Afrilu na Jigawa, ku tuna ƙoda ba ta jure rashin ruwa. Yankinmu na kogin Haɗeja har zuwa Gashuwa dama yana fama da masu ciwon ƙoda, kuma duk gidan da ya taɓa jigilar mara lafiya zuwa wankin ƙoda ya san abin da ake kashewa.

Mai ciki kada ta kusance shi. Mai shayarwa ma haka, domin ita ƙarin abinci take buƙata, wajen kalori 500 a kan na kullum, ga ruwa mai yawa. Cikin mai jego kuwa da kansa yake komawa, mahaifa tana ɗaukar kimanin mako shida, daidai da arba'in ɗinmu. Mai ciwon suga da ke shan magani, idan ta bi shawararsa ta tsallake karin kumallo, sugan na iya faɗuwa ta suma. Akwai kuma abin da nake roƙon kowa ya riƙe: ba kowace cikar jiki ce ƙiba ba. Ki danna ƙwaurinki da yatsa, idan wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba, kumburi ne, kuma yana iya zama daga zuciya ko ƙoda ko hanta. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura tana haki idan ta kwanta, asibiti za a kai ta a ranar, domin ciwon zuciyar bayan haihuwa sananne ne a Arewa. Shayin zai iya sassauta kumburin na ɗan lokaci, a ɗauka sauƙi ne, alhali ciwon na cin ta.

Af, irin waɗannan motocin ne dai ke sayar wa 'yan mata "sha ka fashe" don su yi ƙiba kafin biki. A akwati ɗaya ake ajiye na ƙarawa da na ragewa.

Na san akwai waɗanda da gaske likita ya ce su rage nauyi saboda hawan jini ko suga ko ciwon gwiwa, kuma ba na raina damuwarsu. Hanyar tana cikin tukunyarku. Mai shi ne kan gaba: cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori kusan 120 ne, ku duba nawa ake kwararawa a shinkafa da wake ko ɗanwake, balle fanke da awara da ke iyo a kasko. Sai suga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce wajen giram 50 a yini, kimanin ƙaramin cokali 12, rabin haka ma ya fi. Robar lemo ɗaya mai rabin lita ta cinye wannan kason duka, ba a zo kan na koko da na fura da na shayi ba. Ba a ce ki bar tuwo ba. Ki rage malmala, ki yawaita miyar kuka ko kuɓewa ko yakuwa, ki ci kwaɗon zogale, ki ci wake, don yana riƙe ciki ya daɗe. Tuwon dawa da na gero da ba a cire musu dusa ƙarƙaf ba sun fi farar taliya ƙosarwa. Kashe kai da yunwa ba ya kai ko'ina. Mun gani a azumi, wanda ya yini bai ci ba amma ya rama da soye-soye daga buɗa-baki zuwa sahur, haka zai fito Sallah da tumbinsa. Ki samu tafiyar ƙafa mai ɗan sauri ta rabin awa, kwana biyar a mako, ko da zagaya tsakar gida ne bayan sallar asuba. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne ragin da jiki ke ɗauka lafiya. Wanda kuma ya ga yana ramewa haka kawai ba tare da ya canza komai ba, kada ya yi murna, ya zo a duba shi, don suga da tarin fuka suna farawa da haka.

Idan ya nuna muku lambar NAFDAC a jikin kwali, ku sani kowa na iya buga lamba. Mai babbar waya a gidanku ya duba ta a manhajar Greenbook ta hukumar. Ko lambar ta gaske ce, wadda ake ba maganin ganye tana ƙarewa da harafin L, kuma ba shaida ba ce cewa hukumar ta tabbatar yana yin abin da mai shi ke faɗa.

Wadda ta riga ta fara sha ta tsaya yau. Ta haɗa ruwan gishiri da suga na leda da ake ba masu zawo, ta riƙa kurɓa. Idan akwai jiri, ko faɗuwar gaba, ko fitsari ya ragu ya yi duhu, a kawo ta asibiti da ragowar ƙullin a hannu don mu ga abin da ta sha. Bayan gida zai iya ɗaurewa na 'yan kwanaki bayan an daina, kada wannan ya sa ta koma, ruwa da ganye da gwanda za su warware shi. Wadda ta biya kuɗin zubi ko na wakilci ta adana saƙon tura kuɗin da katin awon, maigida ko ɗan'uwanta ya raka ta wurin mai unguwa da dagaci, daga nan a kai wa 'yan sanda da ofishin NAFDAC na Dutse. Ranku ya daɗe sarakunan kasuwa, ku ke ba shi wurin ajiye mota, ku tambaye shi takardar izininsa kafin ya kunna lasifika ranar kasuwa mai zuwa.