Na biya kuɗin imel ɗin shago, akwatin ya cika ba wanda ya sanar da ni

Zan ba ku labarin yadda muka yi da kamfanin da na sayi imel mai sunan shagona a wajensu, ba sai na faɗi sunansu ko farashinsu ba. Sana'ata buga takardu ce, katin biki, fosta, kalanda, littafin bikin yaye ɗalibai, kuma galibin manyan ayyukana ta imel suke shigowa, don makarantu da ofisoshi sun fi sakin jiki da adireshi mai sunan shago, ga shi WhatsApp yana matse hoto in ba a matsayin fayil aka turo shi ba.

Da farko gaskiya ba ni da ƙorafi. Sai lokacin yaye ɗalibai ya zo, wata makaranta da na daɗe ina bin aikinta suka amince su ba ni littafin taronsu, sakatarensu ya ce zai turo hotunan yara da sunayensu. Ina ta jira ina ta jan allon waya ƙasa, shiru. Da na gaji na kira shi sai ya ce min, Malam ai na turo tun tuni, dawo min yake yi, na zaci ma ka fasa aikin ne. Ya ɗauki hoton abun ya turo min, wani dogon turanci ne da lamba 552 a ciki, wai akwatin mai karɓa ya cika. Akwatina fa! Ni kuwa a wayata babu wata alama, babu ja babu rawaya, tsofaffin saƙonni suna nan reras kamar komai lafiya. Kafin in gane kan abun sun kai aikin wani wajen, kuma ban ga laifinsu ba tunda ranar taro ba ta jiran kowa. Kamar a sa maka mai gadi ne a ƙofar shago yana mayar da masu ciniki, kai kana ciki zaune kana cewa yau kasuwa ba daɗi.

Da na shiga ta kwamfuta sai na ga ashe giga ɗaya kacal aka yanka wa akwatin. Wancan babban adadin da suke talla da shi na shafin intanet ne gaba ɗaya, kowane akwati da nasa iyakar daban. Giga ɗaya fa jama'a. Gmail da ya fito a 2004 da giga ɗaya ya fara kuma kyauta, yanzu giga 15 yake ba kowa duk da ana raba shi da Drive da Photos, wato ma'ajiyar fayiloli da hotuna ta Google, ni da na cire kuɗi daga aljihuna shekara ashirin bayan nan shi ne aka tsayar da ni a nan, mutumin da fayil ɗaya na manhajar zane ta CorelDraw zai iya cin mega talatin.

To amma haƙƙin kowa a ba shi. Malamar da ta ɗauki wayata a sashen taimako wallahi ta burge ni, na kira da zafi ina ɗaga murya ita kuma sai cewa take yi haƙuri Alhaji, bari mu duba tare. Ita ta fahimtar da ni cewa yadda aka saita wayata, wato IMAP, duk abin da nake gani a waya yana can ajiye a wajensu ne, waya madubi ce kawai. Ta ce saƙonnin da na tura ma ana lissafa su, haka kwandon shara da sifam, wato saƙonnin banza, don haka in ka goge saƙo ba ka zubar da kwandon ba to ba ka rage komai ba. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne wai fayil in aka maƙala shi a imel ƙaruwa yake da wajen kashi ɗaya cikin uku saboda yadda ake juya shi kafin a tura, mai mega talatin sai ya koma arba'in. Ta sa na jera saƙonnin daga mafi nauyi, sai ga samfuran kalandar bara da nake turawa mutane su duba, kala ɗaya an tura an gyara an sake turawa, su suka cinye fiye da rabin wajen. Ta koya min yadda zan sa manhajar imel ta Thunderbird a kwamfutar shago in kwashe tsofaffin zuwa folda ta cikin kwamfutar, sannan ta ɗaga min iyakar akwatin ba ta karɓi ko kwabo ba, tunda dama akwai fili a cikin abin da na riga na biya. Na ajiye wayar ina sa mata albarka, har na ce a raina na yafe musu.

Sai da dare abun ya dawo min sabo. In dai filin yana nan tun farko, kuma dannawa biyu ce ta gyara shi, don me aka bar ni a giga ɗaya har na yi asarar aiki? Da na koma na tambayi batun gargaɗi sai aka ce ai sun tura tun yana kashi 80, sun sake turawa a 90. Ina aka tura? Adireshin yaron da ya haɗa min shafin, wanda da shi aka yi rajista, shi kuma ya tafi bautar ƙasa ko buɗe wannan imel ɗin ba ya yi. Wannan ne ya fi ci min rai, don in lokacin sabunta biya ya kusa sun san lambata sarai, tes ne, kira ne, har a WhatsApp suna bina. Amma akwatina yana cika babu mai iya turo min layi ɗaya a waya.

Kuma saƙon da aka mayar ba ya dawowa sai mai shi ya sake turowa. Na makarantar na sani saboda na kira, sauran fa? Wanda ya ga katina ya turo neman farashi ya ga abun ya dawo masa ba zai kira ni ba, gaba zai yi, kuma na roƙi kamfanin su ba ni jerin adireshin waɗanda aka mayar suka ce za su duba, har yau ina jira.

Yanzu dai na canza adireshin gargaɗin zuwa nawa, manyan fayiloli kuma a Drive nake cewa a ɗora a turo min mahaɗin. Mai irin sana'ata in zai saya to ya tambayi iyakar akwatin shi kansa, ba iyakar shafin intanet gaba ɗaya ba, kuma ya tsaya a kai sai ya ga inda gargaɗi zai riƙa zuwa. Ni kam in ba su sa gargaɗi ta tes ba kafin biyana ya ƙare, ɗauke sunan shagona zan yi in kai wani wajen.