Adireshin hannu ko na DHCP: wanne za ka zaɓa wajen girka Ubuntu Server?

Duk wanda ya taɓa girka Ubuntu Server, wato tsarin Linux na sabar (kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima), ya san shafin nan da ke tambayar yadda na'ura za ta hau intanet. Yawanci wucewa kawai ake yi a bar wa DHCP, wato rauta, na'urar da ke raba intanet, ta ba kwamfuta duk adireshin IP da ya samu, lambar da ake gane ta da ita a kan netwok. Kwamfutar gida wannan ya ishe ta. Sabar da mutane ke dogara da ita kullum kuwa, ni ban yarda ba.

Na ga illarsa a wani ƙaramin ofis. Aka ɗauke wuta, da ta dawo rauta ta ba sabar sabon adireshi, ma'aikata suka wuni ba su ga fayilolinsu ba. Tun daga ranar da hannuna nake rubutawa.

Ba wuya gare shi ba. Ka shiga IPv4 ka zaɓi Manual. Gurbin Subnet, inda ake nuna iyakar adireshin netwok ɗinka, shi ne ke kayar da mutane, domin Debian, wani tsarin Linux, 255.255.255.0 take tambaya, Ubuntu kuma 192.168.1.0/24 take so, alhali ma'anarsu ɗaya: adireshi 254 da za a iya rabawa. Sai ka zaɓi adireshin da ke wajen wanda rauta ke rabawa. Idan daga 100 zuwa 200 take bayarwa, ɗauki 192.168.1.10, kada wata rana ta ba firinta irin naka su yi karo. Gateway adireshin rautar ne da kanta. Duk wannan yana ajiye a /etc/netplan, ko an canza rauta naka na nan.

Akwai masu ɗaure adireshi da lambar MAC, wato lambar shaidar katin netwok na na'ura, a cikin rauta. Yana aiki, har ranar da wani ya mayar da rautar yadda ta fito daga kamfani. Tsallake shafin baki ɗaya kuwa ajiye aiki ne kawai.

Inda nake so ka buɗe ido shi ne gurbin DNS, wato mai fassara sunan shafi zuwa adireshinsa. Sa 1.1.1.1 na Cloudflare, ko 8.8.8.8 na Google, ko 9.9.9.9 na Quad9. Kada ka kwafi wata lamba daga bidiyo don an ce tana ƙara gudu ko tana ba da data kyauta. Mai riƙe da DNS ɗinka shi ke nuna maka hanya, yana iya kai ka shafin banki na bogi. Ta hanyar DNS ne gungun 'yan damfara na DNSChanger suka karkatar da miliyoyin kwamfutoci zuwa shafukan da ba su nema ba, kafin a kama su a 2011 bayan binciken FBI.

Shi kansa fayil ɗin girkawa, wanda ake kira ISO, ana yin jabunsa. A Fabrairun 2016 an kutsa shafin Linux Mint aka sa mutane sauke ISO mai ɓoyayyiyar ƙofa, to ina ga filashin da aka loda maka a kasuwa? Sauke naka daga ubuntu.com, ka gwada lambar SHA256 ɗinsa, wato lambar tantance fayil, da wadda suka wallafa. Idan harafi ɗaya ya saɓa, goge shi ka sake saukewa.