Gargaɗi kan mai sayar da maganin ɗigawa na yanar ido

Kwalba shida na saya wa mahaifina, kuma kuɗin kwalba shidan na tura gaba ɗaya tun ban ga ko guda a hannuna ba. Har yau ina komawa kan daren da na kalli bidiyon mutumin nan ina neman inda na yi sake, domin ni ba mai saurin yarda ba ne, kuma bayanin da ya fara da shi gaskiya ne. Ya ce madubin da ke cikin ido ba shi da jijiyar jini, furotin ɗin tsakiyarsa ba ya sabuntuwa har ƙarshen rayuwa, fatar da ke lulluɓe da ƙwayoyin halittarsa kuwa cike take da kolestarol, tana kuma ƙara tauri da shekaru. Ya ce daga wajen shekara 40 sinadarin kariya na gulutatayon yakan rage isa tsakiyar madubin, sai furotin ya lalace ya dunƙule ya manne wa fatar, haske ya riƙa watsewa, wannan ce yanar ido. Na bincika, na tarar haka ne, shi ya sa na amince.

Ƙaryar ita ce cewa ɗigonsa yana tausasa fatar ya narkar da yanar cikin wata biyu. Ya kafa hujja da binciken 2015 kan sinadarin lanostarol, amma ya ɓoye cewa a kan karnuka da zomaye aka ga sauƙin, kuma da aka gwada a madubin idon ɗan Adam bai washe ba.

Wata huɗu Baba yana ɗigawa safe da dare, idan na tambaye shi sai ya ce da sauƙi, ashe don kada raina ya ɓaci ne. Tun kafin duk wannan likitan ido ya gaya mana cewa yanar farko-farko ce, mu dawo a sake dubawa, ni ne na hana mu koma saboda kwalba shidan nan. Ranar da na nemi mutumin ya dawo da kuɗina ya toshe lambata, alhali a makon da ya gabata ya so ya ƙara mini wasu shida. Ina da hotunan hirarmu da shaidar biyan kuɗin, zan sa su nan.

Babu ɗigon da aka tabbatar yana cire yanar ido, aikin ido ne kawai. Kada ku tura masa komai, ku kai dattijonku wajen likitan ido.