Blaser R8 a hannun maharbin Saudiyya: sauri, ƙura da zafi

Duk wanda ya zaga rumfunan makamai a baje kolin shahuna da farauta da ake yi a Malham, arewa da Riyad, ya ga yadda mutane ke cincirindo a kan bindigogin da ake jan sakatarsu kai tsaye. Sakata ita ce ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu ya kulle shi. A bindigar da aka saba, sai ka ɗaga hannun sakata, ka ja baya, ka tura gaba, ka kwantar. Waɗannan kuwa ja da turawa ne kawai. Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce Blaser R8, ƙirar garin Isny na Jamus, wadda ta fito a 2008 ta gaji R93.

Sakatarta ba ta juyawa. A kanta akwai zoben ƙarfe mai tsage-tsage. In ka tura, zoben ya buɗe ya kama wani gurbi da ke kewaye da cikin bututun. Gidan harsashi da kunama abu ɗaya ne da ake zarewa tare, shi ya sa bindigar ta fi takwarorinta gajarta alhali bututunta na santimita 58 bai ragu ba. In harsashi samfurin .308 ne, tana cin guda 4, da ɗaya a cikin bututu. Kunamar ba ta kai nauyin kilo ɗaya ba, kuma tana sakin wuta ba tare da jan ƙafa ba.

Masu sayarwa sauri suke yabo, amma abin da ya fi cancantar kuɗin shi ne maɗanin da ke bayan sakata. Muddin ba ka tura shi sama da babban yatsa ba, bindigar ba a ɗane take ba, ko da harsashi a ciki. In ka zare gidan harsashi ma ɗanin ya sauka da kansa. Sai kuma canjin bututu: noti biyu ne a ƙasa, ka kwance, ka ɗora wani. Madubin saiti a kan bututun yake zama, don haka saitin ba ya gocewa in ka mayar. Sai dai in za ka tashi daga .308 zuwa babban harsashi irin .300 Winchester Magnum, dole ka canja kan sakata da abin da ke cikin gidan harsashi. Ka tambayi dila yadda rajistar bututu na biyu take kafin ka biya ko riyal ɗaya.

Matsalarta a Saudiyya guda biyu ce, kuma duka daga yanayi suke. Ɗaga hannun sakata a tsohuwar ƙira yana ɓanɓaro kwanson da ya kumbura da ƙarfi sosai. Mai jan kai tsaye ba ta da wannan ƙarfin. Harsashin da ya wuni a mota cikin zafin Yuli yana tashi da matsi fiye da ƙa'ida, kwanso ya manne, ka yi ta fizga. A ajiye harsashi a inuwa, kuma a tsaya kan na kamfani. Ta biyu ƙura ce. Mai da rairayi in suka haɗu a tsagogin zoben nan sai su zama kwaɓi, sakata ta ƙi kaiwa ƙarshe. Ka ja kunama ka ji ƙas, babu wuta. Ba lalacewa ta yi ba, an ƙera ta ne kada ta tashi sai ta kulle sarai. Bayan kowace fita a zare sakata, a share zoben da gurbin bututu da busasshen buroshi, a shafa mai kaɗan a kan dogayen hannuwan da take zamewa a kai, a goge. Kuma a riƙa tura ta da ƙarfi. Lallaɓawa ce ke jawo yawancin ƙin tashin.

Bututunta na yau da kullum siriri ne, milimita 17 a baki, na farauta ne. A filin harbi yana zafi da wuri, harsasai su fara watsewa. Tunda farautar barewa da mariri da akuyar dutse haramun ce a dokar ƙasar, da tara mai nauyi, yawancin masu lasisi a filin harbi za su yi amfani da ita, don haka mai kaurin milimita 19 ko 22 ya fi dacewa.

Tsada kam tana da ita, har maɗaurin madubinta ba arha ba. Wanda aljihunsa bai kai ba ya duba Beretta BRX1 ta 2021: kan sakatarta juyawa yake, tana cin harsashi 5, kuma bahago zai iya mayar da hannun ɓangarensa ba tare da kayan aiki ba. Merkel Helix kuma sakatarta ba ta fitowa baya wajen fuska, abin da masu harbi da tabarau ke so. Mai bututu ɗaya da ba ya niyyar ƙarawa, BRX1 ta ishe shi. R8 ta mai son bindiga ɗaya ce da zai yi atisaye da ita a Riyad da .308, ya ɗora mata bututun magnum in farauta ta kai shi Afirka ta Kudu.