GARGAƊI: Naira 790,000 sun tafi a kan tikitin wuni ɗaya a bakin tekun Ilashe

Jama'a, duk mai shirin zuwa Legas hutun Disamba ya kai iyali bakin teku, ya tsaya ya karanta wannan tukuna. Akwai wani shafi a Instagram da ke sayar da tikitin wuni na wani wurin shaƙatawa a Ilashe. Wurin ba nasa ba ne, hotunan gidajen wasu ya kwaso ya jera. Naira 790,000 ya karɓe daga hannun iyali guda, mutum takwas, da suka taso tun daga Kano. Dubu ɗari bakwai da casa'in. Kuma ni aka turo wa shafin aka ce in duba tunda na san harkar, na duba na ce babu matsala. Abin da yake cina ke nan har yanzu.

Kafin wani ya zo yana cewa ai sakaci ne, wa ke tura kuɗi bai ga wuri ba, ya fara sanin yadda Ilashe take. Mota ba ta zuwa can. Sai ka hau jirgin ruwa daga Ikoyi ko Victoria Island, tafiyar kamar rabin awa, ya danganta da injin jirgin da tashar da aka taso. Ba wurin da za ka leƙa da yamma ka dawo ba ne. Saboda haka ko masu gaskiya a harkar suna karɓar kafin alƙalami, suna cajin jirgi daban, suna karɓar kuɗin ajiya saboda ɓarna su mayar bayan an tashi. Duk abin da mutumin nan ya nema, masu gaskiya ma suna nema. Shi ya sa ya wuce.

Ga lissafinsa. Tikiti Naira 45,000 kowane mutum, takwas ya kama 360,000. Rumfa ta iyali a bakin ruwa 150,000. An haɗa 510,000, aka ce a ba da rabi, aka tura 255,000 ranar Litinin. Jirgi zuwa da dawowa 180,000, wannan a biya duka, wai mai jirgi ba ya sayen mai sai ya ga kuɗi. Kuɗin ajiya 100,000, wanda za a mayar. Sai cikon 255,000. Ku haɗa da kanku, 790,000 cif.

Ba hotunan ne suka kama mu ba, hoto kowa ya san ana sata. Saƙon murya ne. Da aka tambaye shi ko wurin ya dace da mata da yara, sai ya turo murya da Hausa tsaf, ya yi sallama, ya ce: “Hajiya, ranki ya daɗe, kwantar da hankalinki. Akwai ɓangaren iyali, ba a shiga da giya, naman yankan Musulmi ne, akwai wurin salla da buta.” Da buta! Wa zai ji mutum ya tuna da buta ya ce ɗan damfara ne? Na saurari saƙon nan ya fi sau goma. Ya san ainihin abin da ke hana mutanenmu zuwa irin waɗannan wurare, kiɗa da giya da shigar banza, ya kawo amsar kafin a gama tambaya. Akwai wurin salla da buta. Daga nan aka daina bincike, gaskiya ke nan.

Ranar Asabar ƙarfe goma suna tashar jiragen ruwa ta Falomo kamar yadda ya ce, da kulolin ruwan sanyi da yara sun sha kwalliya. Ya ce jirgi na hanya, ya tsaya shan mai. Sha ɗaya da rabi ya ce ruwa ya yi ƙarfi, a ɗan jira. Masu jirage a wurin suka duba sunan suka ce ba su taɓa ji ba. Ƙarfe ɗaya waya a kashe, WhatsApp an toshe, shafin ya canza suna. To amma cikon 255,000 ɗin ba ranar aka tura ba, na manta ban faɗa ba, daren Juma'a ne. A'a, kuɗin ajiyar ne aka tura Juma'a, cikon kuma da safiyar Asabar suna cikin mota, ya ce sai ya ga alat za a saka sunayensu a takardar fasinjoji. Zan duba rasit ɗin in gyara, duk suna nan, zan ɗora su da hotunan hirar gaba ɗaya in an rufe sunayen iyalin.

Inda ya kamata a farka shi ne ranar Litinin ɗin nan. In ka saka lambar asusu, mai lambobi goman nan, a manhajar banki, sunan mai asusun yana fitowa kafin ka tura. Sunan mutum ne ya fito, ba na kamfani ba. An tambaya fa, ba a yi shiru ba. Ya ce in aka biya ta asusun kamfani dole a ƙara harajin VAT kashi 7.5 da harajin jihar Legas na otal da wuraren cin abinci kashi 5, shi kuma yana so ya sauƙaƙa wa Hajiya. Harajin biyun gaskiya ne, ana cajinsu. A kan 510,000 sun kama 63,750. Wa zai ƙi ragin 63,750? Don a tsira da 63,750 aka rasa 790,000. Kuma asusu uku ya yi amfani da su, suna uku daban, na jirgi wai na direban jirgi ne, na ajiya wai na manaja.

Shafin kuwa na duba shi, kada a ce ban duba ba. Mabiya sun haura dubu ashirin, an buɗe shi tun 2019. Abin da ban taɓa ba shi ne ɗigo ukun nan na sama, inda Instagram ke nuna bayanin shafi: ranar da aka buɗe, ƙasar da yake, da sau nawa aka canza masa suna. Sau shida. Tsohon shafi ne aka saya ko aka sace aka goge kayan ciki aka zuba hotunan teku. An kuma taƙaita masu sharhi, shi ya sa babu ƙorafi ko ɗaya. Takardar farashin da ya turo tana da lambar rajista, sai bayan komai ya lalace na saka ta a shafin binciken CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kyauta ne, minti biyu, ta fito da sunan wani kamfani da babu ruwansa da teku. Hotunan ma da aka saka a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito, sun fito daga wurare uku mabambanta, ɗaya ma ba a Najeriya yake ba.

Mai gaskiya a wannan harka yana ba ka sunan jirgi da lambar direbansa tun jajiberi, ya gaya maka yawan mutanen da jirgin ke ɗauka da rigunan ruwa har na yara, da lokacin dawowa, domin ba a bin ruwan nan da dare. Wannan ko ɗaya bai bayar ba, kullum sai “in kun iso za ku gani”.

An sanar da banki, amma Asabar ce, kuma kuɗin sun riga sun fice daga asusun farko. Duk wanda irin wannan ya same shi, a take ya kira bankinsa, ya ba da doguwar lambar shaidar tiransifa da ke jikin rasit, ya nemi a riƙe asusun da aka tura wa, sannan ya kai rahoto wurin 'yan sanda ko EFCC da hotunan hirar. Kada ya goge komai don haushi.

Kada ku tura wa asusun mutum. Ku ce a kira ku ta bidiyo daga cikin wurin, a nuna rumfar da ƙofar shiga a lokacin. Kuɗin jirgi da ciko, sai kun ga jirgin da ido.

Sunan shafin na da da na yanzu zan saka su a sharhi tare da rasit huɗun. Yaran nan sun yini a tasha cikin rana suna tambayar yaushe jirginsu zai zo. 790,000. Wai da buta.