Maginin da ya zuba min kankaren ƙofar gida a Garwa: akwai tsada, akwai taurin kai

Mutane sun dame ni da tambayar waye ya yi min daben ƙofar gida, wanda ya taso daga bakin titi ya shige get har inda nake ajiye mota, to bari in faɗi yadda muka yi da shi gaba ɗaya da daɗin da rashin daɗin, kar wani ya ɗauke shi aiki ya dawo ya ce ban gaya masa ba.

Wannan ne karo na biyu da na zuba wurin. Na farkon wani yaro ne ya yi min, mai arha, kwana biyu ya gama, a watan Afrilu da tsakar rana lokacin da zafin Garwa ya wuce 40 ko kare ba ya yawo. Ranar na ji daɗi wallahi don ya yi sumul kamar faranti. Kafin damina ta biyu ta fita wurin ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, ciyawa na fitowa ta tsagar, in ka share sai gari ya dinga tashi, gefen da tayar hagu ke bi kuma ya lotsa ya zama tafki. Uwargida har ta raɗa masa suna Lagdo, sunan babban dam ɗin da ke kusa da Garwa.

Na biyun nan dattijo ne, wani ɗan uwana ya haɗa mu, ya daɗe yana aikin gini a Duwala kafin ya dawo gida. Da ya zo ko wurin bai gama dubawa ba ya tsuguna ya ɓanɓaro wani yanki da hannu, ya murje shi tsakanin yatsu ya ce "Alhaji wannan ai ruwa aka sayar maka." Na ɗauka cika baki ne irin na masu sana'a, kowa ya zo sai ya kushe na baya. Da ya kawo lissafi kuwa na kusa korar shi, ya kusa ninka kuɗin na farko. Wurin mita 4 ne a faɗi, 12 a tsawo, ya ce kauri santimita 12, siminti buhu 40. Na ce Malam buhu 40 gida zan gina? Ya ce buhu 7 ake sa wa kowace mita kib (mita ɗaya a tsawo, faɗi da kauri), kilo 350 kenan, in na ga ya yi yawa in nemi wani, shi ba ya rage siminti. Ko dala bai sauko ba a nan, kuɗin hannunsa kawai ya ɗan rage.

Abin da ya fara ba ni haushi, kwana huɗu ana aiki ba a buɗe buhu ko ɗaya ba. Fasa tsohon, kwashe baƙar ƙasar da ke ƙasa, irin mai kumbura in ta sha ruwa ta tsage in ta bushe, kawo jar ƙasa, a zuba kaɗan a yayyafa ruwa a daddaɓe, a sake zubawa. Ya sa aka haƙo saiwar dogon yaron da ke jikin katanga guda biyu masu kaurin hannu, ashe su ma suna cikin masu ɗaga daben. Ni ina ganin kuɗin leburori na tafiya ban ga komai ba. Yashi ma sai da ya mayar da tifa guda, wai akwai laka, ya zuba kaɗan a gorar ruwa ya girgiza ya ajiye, bayan ɗan lokaci ga lakar ta kwanta a sama ɓaro-ɓaro, direban na ta masifa shi ko a jikinsa. Sai da aka kawo mai tsabta daga Binuwai. Siminti dai na kamfanin Cimencam muka ɗauka, wanda ake yi a garin Figil, shi ne a kusa da mu, ya ce shi duk wanda na kawo daidai ne in dai sabo ne bai yi dutse a sito ba.

Ranar zubi ya ce bayan sallar asuba za a fara. Tun daren ya jiƙa ƙasar ya kuma watsa wa tsakuwar ruwa don ta huce. A nan ne na ga abin da na biya kuɗi a kai. Ya tsaya kan injin kwaɓi da bokiti guda da ya yi wa alama, kusan lita 25 ga kowane buhu, in yashin da danshi ya rage. Kwaɓin ya fito da ƙarfi, yaran na gunaguni don turawa da shimfiɗawa na da wuya, ɗaya ya faki idonsa ya ɗauko tiyo zai ƙara ruwa, kai, tsawar da ya daka masa har maƙwabta sun leƙo. Wannan baron gaba ɗaya ya sa aka zubar a gefe. Bayan ya huce ya ce min ruwan da ya yi yawa a kwaɓi in ya bushe ramuka yake bari a ciki ƙanana da ido ba ya gani, shi ne garin da nake sharewa a na farko. Ragar ƙarfen ma bai yarda ta kwanta a ƙasa ba, ya ɗora ta kan 'yan guntayen kankare da ya yi tun farko don ta tsaya a tsakiya, kuma duk wanda ya taka ta lotsa sai ya ɗago ta da ƙugiya.

Wannan tsantsenin a Duwala ya koyo shi, kuma in ya fara labarin Duwala sai ka nemi kujera. Ya ce can gishiri ne abokin gaba, iskar teku na ɗauke da shi, wani lokacin yashin ma, yana ratsa kankare a hankali har ya kai ga ƙarfe, ƙarfen ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa kankaren daga ciki, shi ya sa a bakin teku ake rufe ƙarfe da kamar santimita 5 kuma ba a wasa da yashi mai gishiri. Ga ruwan sama wanda ya ninka namu sau uku ko fiye, in ba ka ba dabe gangara ba ka yi aikin banza. Mu nan ba mu da gishiri, namu bushewa ne, zafi da iskar hunturu su zuƙe ruwan saman kankare tun bai kama ba sai ka ga 'yan tsaga kamar gashi. Can danshi na taimaka maka, a nan kai za ka kawo danshin da kanka.

Kuma da gaske ni na kawo shi. Kwana 7 ya ce wurin kar ya bushe ko sau ɗaya, ya shimfiɗa buhunan algarara ya ce a jiƙa safe, rana, yamma. Famfo a unguwarmu ba kullum ba ne, sai 'yan kura na dinga saye, wannan kuɗin kuma bai sa shi a lissafi ba, kuma ina ganin ya kamata ya faɗa tun farko. Rana ta huɗu na yi tafiya Pitowa yara suka yi sakaci, ya zo duba aiki ya tarar da buhunan sun bushe ƙayau, ya kira ni a waya ya yi min faɗa kamar ni ne yaronsa, "Alhaji in ba ka son kuɗinka ni ina son sunana." Mota kuma ya hana ta hawa har sati biyu, babbar mota sai bayan kwana 28 don lokacin ne kankare ke kai ƙarfinsa, sai a gidan maƙwabci na dinga kwanar da motata.

Washegarin zubi ya zo da injin yanka ya tsaga sabon daben duk bayan mita 3, zurfin kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin. Uwargida ta fito ta ce Malam lafiya, mun biya kuɗi kuma kana yankawa? Ya ce "Hajiya kankare dole ya tsage, ni dai ina nuna masa inda zai tsage ne." Yanzu in ka duba cikin layin za ka ga ya tsage ɗin a can ƙasa, saman kuma babu. Saman ma bai goge shi sumul ba, tsintsiya ya ja a kai ya yi kaushi, ba shi da kyan gani kamar na farko gaskiya, amma da damina babu santsi.

Inda ya gaza kuma zan faɗa. Alƙawarin lokaci ba ya cikawa, kwana 10 ya ce, mun ci sati uku, rana biyu ko waya bai ɗaga ba ashe wani aikin ya karɓa a Jambutu. Ɓaraguzan tsohon daben ya bar min su a bakin titi sai ni na biya aka kwashe. Sannan gangaren, ya ce santimita 2 a kowace mita zuwa lambatu, ko'ina ya fita daidai sai kusurwar jikin get ta dama, nan ruwa na tsayawa kamar faɗin tire in an yi ruwa mai yawa, na nuna masa ya yarda kuskurensa ne ya ce zai zo ya gyara, yau wata biyar.

Daben ya ga zafi biyu da damina ɗaya yanzu. A kaka wata mota ta shigo min da masara buhu 60 ta tsaya a kai har aka gama saukewa, na bi na duba ban ga ko tsaga ba. In ƙaramin wuri ne na babur, pabe, wato 'yan tubalan siminti da ake jerawa a ƙasa, ya ishe ka ba sai ka sha wannan wahalar ba. In mota ce mai nauyi za ta dinga shiga, shi zan sake kira, amma a rubuta kuɗin ruwa da kwashe shara a takarda, kuma ka riƙe wani abu daga kuɗin hannunsa sai an yi ruwan farko ka ga inda ya kwanta. Ni ban riƙe ba, shi ya sa har yau nake jiran gyaran kusurwar nan.