Muƙamuƙi na ƙara, haƙori na zugi: kemis, gargajiya ko likitan haƙori, ina ya kamata kuɗinka su tafi?

Ƙanwata ta kusa wata uku tana fama da ciwo a gefen fuskarta na dama, in ta zo yin hamma sai kaji ƙas a daidai gaban kunne, turamen haƙoranta na wannan ɓangaren kuma suna mata zugi musamman in ta tashi da asuba. Kuɗin da muka zuba a kemis kafin a gano cewa haƙoran lafiyarsu ƙalau, wallahi da tun farko asibiti muka nufa da sun isa har da canji. Shi yasa nace bari in baje muku abinda na gani.

Kafin ka sayi komai ka fara tantance waye ke ciwon, haƙori ne ko muƙamuƙi, don maganinsu ba ɗaya bane. Sa yatsa a gaban kunnenka ka buɗe baki, wannan abin da kaji yana motsi ita ce gaɓar muƙamuƙi, a cikinta akwai wani ɗan faifai na guringuntsi, in ya ɗan goce daga mazauninsa ya dawo shine ƙarar da kake ji. In ƙara ce kawai ba ciwo kuma bakin na buɗuwa yadda ya saba, yawanci ba sai an yi mata komai ba, ka riƙe kuɗinka. Ciwon muƙamuƙi bazuwa yake, kunne, gefen kai, wani lokacin har wuya, kuma yana ƙaruwa in ka ci kilishi ko ka sha rake. Shi kuwa na haƙori zaka iya nuna shi da yatsa kace wannan ne, ruwan sanyi ko shayi mai zafi ko zaƙi na taɓa shi zaka sani, in ya yi nisa ma ya hana ka barci.

To kemis. Farasitamol da ibuprofen suna sauƙaƙa ciwo kam, in na muƙamuƙi ne ibuprofen na kwana kaɗan yakan taimaka sosai, sai dai mai olsa ko ciwon ƙoda ko mai juna biyu ya kiyaye shi, farasitamol ɗin ma babba kada ya wuce giram 4 cikin awa 24. Abinda ke ɓata min rai shine haɗin nan da ake ƙullo wa mutum, amoxicillin da Flagyl da diclofenac a leda ɗaya ba tare da an ko leƙa bakinsa ba. Haka aka yi wa ƙanwata har sau biyu. Maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su amoxicillin da Flagyl baya toshe kogon haƙori, baya gyara gaɓar muƙamuƙi, ciwon zai lafa ya dawo ka sake biya. Kuma dan Allah a daina danna asfirin a jikin dasashi, ƙona naman yake yi.

Na gida irin su kanumfari da kuskure baki da ruwan gishiri mai ɗumi ban raina su ba, kanumfari yana da wani mai da ke kashe zafin wajen na ɗan lokaci, ya isa ya kai ka safiya. Iyakarsa kenan. Masu bin kasuwa suna ciro “tsutsa” daga haƙori kuwa, ba wata tsutsa a ciki, ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya maƙale suna fitar da tsami yana cinye haƙorin. Wanda zai cire maka haƙori a kan benci da filaya arha gare shi yau, amma in saiwa ta karye a ciki ko kayansa sun shafa maka ciwon hanta, nan ne zaka san tsada.

Wajen likita ma zaɓi ne a gabanka. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da na Jami'ar Maiduguri suna da sashen haƙori har da ƙwararrun tiyatar fuska da muƙamuƙi, in matsalar gaɓa ce mai nisa can ya fi. Na gwamnati dai gaba ɗaya ya fi sauƙin kuɗi amma sai ka yi sammako ka ware yini, na kuɗi kuma ana ganinka da wuri aljihu ya ji a jikinsa. Ko ina ka je ka tambayi kuɗin kati daban, na hoto daban, na aikin daban tun kafin ka hau kujera.

In haƙorin ne, abu uku za a sa maka a gaba. Ciko in kogon bai kai jijiya ba, shine mafi sauƙi. In ya kai jijiya sai a kwashe ta a toshe, wannan yana da tsada kuma yakan ɗauki zuwa fiye da ɗaya amma haƙorinka na nan. Sai cirewa, wanda mutanenmu suka fi ruguwa gare shi saboda arha, ni dai ina ganin in ana iya ceton turmi a cece shi, don giɓin yana sa na kusa su karkato, tauna ta koma gefe ɗaya, kuma haƙorin roba ba kyauta bane. Babban mutum haƙora 32 gare shi, na can ƙurya suna fitowa ne tsakanin shekara 17 zuwa 25, in suka fito a karkace suna sa kumburi da ƙin buɗuwar baki, su kam sau da yawa cirewar ce mafita.

Ita ƙanwata da aka ɗauki hoto ba kogo ko ɗaya, likitar ta nuna mana yadda saman turamen ya side sumul, ashe cizon haƙora take yi cikin barci bata sani ba. Aka ce robar baki zata riƙa sawa da dare. Akwai ta shagon kayan wasanni da ake tsomawa a ruwan zafi a ciza, ga arha, amma ƙatuwa ce an yi ta ne don 'yan dambe, mun gwada ta kwana biyu ta tofar. Wadda likita ke aunawa da bakinka a haɗa maka ta fi tsada nesa ba kusa ba, sai dai tana zama daram. Ita muka yi daga baya. In kuwa abu mai sanyi ne kawai ke sa haƙorin ciwo ba kogo, buroshi mai laushi da man goge baki irin Sensodyne na sati biyu zuwa huɗu sun isa gwaji.

Akwai inda ba maganar kwatanta farashi. Ciwon haƙori ya wuce kwana 2, ko baki baya ɗaukar yatsu uku a jere, ko muƙamuƙi ya maƙale a buɗe ko a rufe, ka nemi likitan haƙori. Kumburi ya nufi ido ko ya gangara ƙasan haɓa da wuya, ga zazzaɓi, haɗiyar yawu ko numfashi na wahala, wannan a daren zaka tafi sashen gaggawa kada ka jira gari ya waye. Haka in ciwon muƙamuƙi ya zo da nauyin ƙirji da gumi, yana iya zama zuciya. In kuma muƙamuƙin ya sandare bayan ƙusa ta soke ka kwanakin baya, ka faɗa musu maganar ƙusar tun daga bakin ƙofa saboda tetanus, cutar da ke sandarar da jiki.

Ƙanwata yanzu ta bar cingam, tana gasa wajen da tawul mai ɗumi in ta ji ya ɗaure, in zata yi hamma ta tallafe haɓa da hannu. Ƙarar na nan jefi-jefi, zugin asuban ne ya tafi.